Hatimina a Kan Taurarin da Ban Gani Ba

Mutum na farko da ya cuce ni a ƙasar Japan da Hausa ya yi mini sallama. Ina tsaye a babbar tashar jirgin ƙasa ta Tokiyo, na rasa gabas na rasa yamma, sai na ji an ce, "Salamu alaikum, mutumin Kano ne?" Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Baƙar fata ne kamata, ya ce ya taɓa zama a Fagge yana sayar da kayan gyaran mota. Ya karɓi ƙaramar jakata wai ya rage mini kaya, ya ce in jira shi a gindin agogo zai tambayo mini jirgin da zan hau. Har yau bai dawo ba. A cikin jakar akwai rigar sanyin da na saya a gwanjo, da yaji da kuka da daddawar da matata Hadiza ta haɗa mini. Rigar ba ta dame ni ba a ranar, don ban san sanyin da ke jirana ba. Daddawar ce ta sa ni hawaye.

Sunana Habu, mutumin Tarai ne ni, ta ƙasar Kibiya. Kafin wannan tafiya malamin fiziks ne ni a wata sakandare a Rano. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano na samu gurbin yin digirin dakta a kan ilimin sararin samaniya, shekara uku. Na bar Hadiza da yara biyu a hannun yayana Sule, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Abu ɗaya ya sa kowa ya haƙura da tafiyar: zan dawo da takarda, a riƙa kirana Dakta.

Daga Tokiyo jirgi ya yi ta cusa kai cikin duwatsu, daga jirgi na koma bas, bas ya ajiye ni a wani ƙauye da ko kare ba ya haushi. A can saman dutse cibiyar binciken take. An sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma birni ya cinye su. Sunanta ya ƙi zama a bakina, sai na riƙa ce mata Kaka, ita ma ta karɓa. Ranar da na isa ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga riga ɗaya a jikina ina karkarwa, sai ta shiga ciki ta fito da kwat ɗin marigayi mijinta. Hannun kwat ɗin a gwiwar hannuna ya tsaya. Haka na yi shekara uku a cikinsa, kuma duk wanda ya yi mini dariya na rama masa da harara.

Mun sha fama ni da Kaka kafin mu gane juna. Kwana na uku na nemi butata na rasa, sai na tarar da ita a kicin an wanke ta tas an jera ta kusa da kofunan shayi. Da hannu da ƙafa na yi mata bayanin aikin buta. Da ta gane, ta rufe baki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga nan ta koyi abin da ba na ci. Ta ware mini tukunya guda wadda naman alade da giyar girkinsu ba sa taɓa ta, ta ɗaura mata jan ƙyalle a hannu don kada ta manta. Ban taɓa roƙonta ta yi hakan ba.

Mutanen gida sun ɗauka kwana nake ina leƙen sama ta madubin hangen nesa. Ina! Ni da rana nake aiki, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa wanda ba shi da taga. Tun shekaru kafin zuwana aka ɗauki hotunan sama a kan faranta na gilashi, aka jera su a kabad kamar littattafai. Aikinmu shi ne mu duba su.

Abin da muke nema kuwa ga shi. Taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke suke, kowane garke ana ce masa galaksi. Ranarmu ma 'yar wani garken ce. Sannan a bayan launi na ƙarshe na bakan gizo akwai wani haske da idon mutum ba ya gani amma gilashin hoto yana kamawa, a aji muna ce masa yubi. Sababbin taurari masu tsananin zafi su ke fitar da shi. Saboda haka duk garken da yubinsa ya yi yawa fiye da ƙima, to haihuwa ake yi a cikinsa ba ƙaƙƙautawa. An ɗauki kowane gilashi sau uku da launi uku, ana ɗan gusar da shi, sai kowane abu ya fito sau uku a jere. In ɗigon yubi ya fi 'yan uwansa biyu ƙarfi, sai mu kewaye shi da alƙalami. Daga nan a koma kan babban aikin, wato a sa madubin ƙara girma a faɗi siffar garken. Akwai mai hannuwa a naɗe kamar gammo. Akwai marar fasali mai gudaji-gudaji. Akwai dunƙulalle. Akwai biyu da suka yi karo suka sarƙe da juna. In kuma ka duba ka duba ba ka gane ba, akwai gurbi na ƙarshe, alamar tambaya.

Shugaban wurin dattijo ne siriri, muna ce masa Sanse, wato malam da yarensu. Shi ya kafa dokar ido uku. Kowane garke sai mutum uku sun duba shi, kowa shi kaɗai, ba tare da ya ga abin da ɗan uwansa ya rubuta ba. In bakinsu ya zo ɗaya a shigar da siffar cikin kundin da za a buga wa duniya. In sun saɓa a bar alamar tambaya. Su kuma ba sa hannu suke yi ba, hatimi suke bugawa. Ni ma aka sassaƙa mini nawa, ɗan ƙarami kamar ɗan yatsa, da sunana cikin rubutunsu, ana dangwala shi a jan tawada. Ranar da Sanse ya miƙo mini shi da hannu biyu ya ce, "Habu-san, wannan yana nufin ka gani da idonka." San ɗin nan girmamawa ce da suke liƙa wa suna. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Na baro gida ana ta muhawara a kan shaida, a masallaci da majalisa da rediyo, sai ga wanda ba ya salla yana faɗa mini abin da limaminmu ke faɗa.

Idon Sanse ya riga ya raunana, don haka masu dubawa mu uku ne: ni, da wata ɗaliba mai shiru-shiru, da mataimakinsa. Mataimakin nan ba zan faɗi sunansa ba, ni dai Sarkin Sauri na raɗa masa. A guje yake hawa bene, a tsaye yake cin abinci. Yana da kai, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma yana da ra'ayi guda da ya ɗora rayuwarsa a kai: wai karo tsakanin garke biyu shi ke tayar da haihuwar taurari. Saboda haka duk inda ya ga ɗan tabo kusa da garke, shi biyu ya gani. Ni kuwa sai in wuni a kan abu ɗaya, in ƙare da alamar tambaya. Yakan leƙo ta kafaɗata ya ja iska ta haƙora ya ce, "Habu-san yana son tambaya." Ni kuma in ce masa, "Habu-san ba ya son ƙarya."

Sanyin farko ya kusa kashe ni. Ƙanƙara ta rufe hanya, ruwan alwala kamar ana yanka ka da reza. Wata da watanni ban ji kiran salla ba, ban ji an ce mini sannu ba. Na yi kewar abubuwan da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba: hayaniyar kasuwar Rano, ƙamshin gyaɗa in ana tuge ta, matan Fulanin Zurgu da ƙwaryar nono a ka suna yi mana tsiyar ba mu iya ciniki ba. Babu waya a Tarai a lokacin. Yaya Sule kan shiga Kano ya kira ni daga shagon wani abokinsa, Hadiza kuwa kaset take aiko mini. Takan ajiye rikoda a tsakar gida ta yi ta magana, ana jin akuya da turmi da kukan yara. "Baban Amina, rufin ɗakin nan ya fara yoyo. Amina ta yi haƙori na gaba. Kowa tambayata yake yaushe Dakta zai dawo, ni dai na ce musu Habu na sani." Na saurari kaset ɗin nan har zarensa ya tsinke, na liƙe shi da gam na ci gaba.

A haka aka shiga shekara ta uku. Sanse zai yi ritaya, ana so a kammala kundin kafin ya sauka, kuma kowa ya san Sarkin Sauri ne zai gaji kujerar. Akwai sauran kabad guda cur na gilasan da suka fi kowanne duhu, waɗanda ban taɓa ba. Ni kuma saura mini wata shida, ga littafin digirina ko rabi ban rubuta ba.

Babbar salla ta zo. Tun da na je ban taɓa neman hutu ba, amma wannan karon raina ya ƙi. Na ce zan sauka birni inda akwai masallaci, in yi sati cikin Musulmi, in ci nama da hannuna. Ina haɗa kaya sai ga Sarkin Sauri da fara'arsa. Ya ce ofis kan aiko da takardun ɗalibai ba zato, in bar masa hatimina ko da za a buƙata, kada a tsayar mini da wani abu. Na zaro na ba shi har da godiya. A Tarai in za ka yi tafiya maƙwabci kake bar wa makullin rumbunka, kuma ba ka ƙirga damin da ke ciki. Ban ga bambanci ba, har gobe kuma ban yarda laifina ba ne.

Da na dawo ya mayar mini da abina a cikin 'yar jakarsa. Sai da na sauka ɗakin gilasai na ga an ɗaure kabad ɗin nan na ƙarshe da farin zare, alamar an gama da shi. Na buɗe takardun dubawa. Shafi bayan shafi, ga jan hatimina a layi na uku, kuma kusan ko'ina siffa ɗaya ce: biyu da suka yi karo. Abin da ya faɗo mini shi ne zaɓen da aka yi kafin in taho, ranar da na je rumfa a Tarai aka ce mini, "Malam ai an riga an dangwala maka, je ka huta." Na tsallake teku na zo inda ake cewa ko allura ka yar za a mayar maka, ashe nan ma an iya dangwale.

Da na faɗa wa Kaka, ta dafe ƙirji. Ta ce a ƙasarsu ko ɗan'uwanka na jini ba ka ba shi hatiminka, da shi ake sayar da gida, da shi ake sakin aure. Na ce mata, "To me ya sa ya tambaya?" Ta sunkuyar da kai.

Na fara da hanyar da aka koya mini a gida. Na sami Sarkin Sauri shi kaɗai, na gaishe shi, na tambayi iyalinsa, na kewaya na kewaya sannan na zo kan magana. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Taimakonka na yi. Da saurinka kabad ɗin nan zai ci maka wata shida, ba za ka rubuta komai ba. Yanzu ka samu lokaci. Je ka rubuta littafinka, ni zan tsaya maka." Ya ƙara da cewa ɗalibar ma ta yarda da abin da ya gani. Na san irin yardar, yarinyar da ko tari ba ta yi sai ta dubi fuskarsa.

Ranar da Yaya Sule ya kira na zayyana masa komai. A lokacin ya shiga siyasa, yana neman kansilan mazaɓarmu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yanzu kai Habu, a kan wannan kake neman zubar da shekara uku?"

Na ce, "Yaya, shaidar zur ce fa. Hatimin cewa yake na gani, ni kuwa ban gani ba."

"Shaidar zur a kan wa? Tauraro ne zai kai ka gaban alƙali? Gonar wa aka cinye? Kai, ka ji tsoron Allah ka tuna da yarinyar mutane da ka bari da yara biyu. Takarda ka je nema, ka karɓo ta ka dawo. In ka zo ka yi ta istigfari."

Na ce masa kundin nan mutane za su ɗauka su yi aiki da shi a ƙasashen da ba mu sani ba. Wani zai nemi babban madubi da ƙyar, ya juya shi inda muka nuna masa saboda ya yarda mutum uku sun duba. Yaya Sule ya ce, "To shi wannan wanin ɗan gidanku ne? Ni na riga na faɗa wa duniya ƙanena Dakta ne. Kada ka kunyata ni, Habu." Ya kashe waya.

Ba zan ɓoye ba, na yi kwanaki ina juya maganarsa, don ba duka ce ƙarya ba. Hadiza ba ta yi laifin komai ba. Amma duk sanda na buɗe takardun nan na ga sunana ja wur a kan abin da ban taɓa ɗora ido a kai ba, sai in ji kamar an sa mini rigar wani da dattinsa.

Kowace Litinin da safe ana taron shayi. Ana zama bisa girma, Sanse a can sama, ni a bakin ƙofa. Ƙarami ba ya magana sai an tambaye shi, haka ma a gidanmu. Na bari aka zuba shayi, Sarkin Sauri ya sanar cewa an kammala kundi, aka yi tafi a hankali. Sai na miƙe.

"Sanse, a gafarce ni. Hatimina yana kan kabad na ƙarshe gaba ɗayansa, kuma ko gilashi ɗaya ban duba ba a ciki. Ina birni aka buga shi."

Kowa ya zuba wa kofinsa ido. Ɗalibar ta yi fari fat. Na ɗauka Sanse zai juya ya tambayi mataimakinsa, amma ko kallonsa bai yi ba. Ni ya kalla. Ya ce, "Habu-san, a nan hatimi shi ne mutum. Wanda ya ba da hatiminsa ya ba da yardarsa."

Na ce, "A garinmu in ajiya ta lalace, wanda aka ba ajiyar ake tambaya. Ni ban zo in koya wa kowa al'adarsa ba, Sanse. Kai ka ce mini wannan abu yana nufin na gani da idona. In ma'anar ta canza a faɗa mini yau, in mayar muku da kayanku." Na ajiye hatimin a kan tebur kusa da butar shayi.

Ya daɗe yana kallon ɗan abin nan. Sannan ya ce hanya biyu ce. Ko in bar aikin yadda yake in je in rubuta littafina, ko a soke layina in sake dubawa da kaina. Amma lokacina ba zai ƙaru ba, don mai amincewa da ƙarin lokaci shi ne wanda zai gaje shi. Kowa a ɗakin ya san abin da hakan ke nufi, ni ma na sani.

Na ce, "Zan duba." Na ɗauki hatimina na mayar aljihu.

A ranar na sayi sabon kaset na zauna na faɗa wa Hadiza komai, ban rage ba. Na ce mata mai yiwuwa in dawo hannu rabbana, kuma in ta yi fushi tana da gaskiya. Na aika. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, amsa ba ta zo ba. Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan duk abin da aka yi mini a saman dutsen nan.

An kuwa yi mini. Ba zagi, ba faɗa, su ba su iya wannan ba. Kawai sai na zama iska. In na yi gaisuwa a amsa wa bango. Aka daina kirana taron Litinin. Na ce ko oho, dama shayinku ba sukari. Kullum in sauka ɗakin nan marar taga, in zaro gilashi, in ɗora a kan fitila, in duƙa. Idona ya yi ja, wuyana ya ƙage. Kaka takan naɗe mini shinkafa a ganye ta cusa a aljihun kwat, ta ce in ci kada in mutu a ƙasar mutane a ce ita ce.

Abin da na tarar zan faɗe shi yadda yake. A wurare da dama Sarkin Sauri ya yi daidai, biyun ne suka yi karo, na buga hatimina a kai da zuciya ɗaya. A wasu wuraren abin da ya kira garke na biyu tauraro ne na kusa da ya faɗo a layi, ko tabo a jikin gilashin. Mafi yawa kuwa sun yi duhun da ba mai iya rantsuwa a kansu, na ba su alamar tambaya. Ban gano wani abin mamaki ba, ban kuma rushe ra'ayinsa ba, wataƙila ma yana da gaskiya. Na dai duba. Ranar da na mayar da gilashi na ƙarshe, saura kwanaki kaɗan izinin zamana ya ƙare. Na rubuta neman ƙarin lokaci, sabon shugaba, wato Sarkin Sauri, ya amsa cikin ladabi mai yawa cewa abin yana da wuya. A yarensu wannan a'a ce.

Ana jibi zan tafi Sanse ya sauko ɗakin gilasai yana dafa bango. Ya ce in nuna masa ɗaya daga cikin masu alamar tambayar. Na ɗora masa. Ya duƙa a kan madubi ya daɗe, sannan ya ɗago yana share ido. Ya ce, "Ba na ganin komai. Na daɗe ba na gani, Habu-san." Ya ce kundin zai fita da tambayoyi fiye da yadda aka so, kuma za a ce cibiyarsa ta tsufa. Bai ba ni haƙuri ba, bai ce zai yi mini wani abu ba. Ya dai miƙe ya rusuna mini, irin rusunawar da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Na so in ji sanyi a raina, amma gaskiya haushi na ji. Rusunawa ba ta shiga jaka.

Kaka ta raka ni har bakin bas. Na cire kwat zan ba ta, ta ture hannuna.

Yaya Sule ne ya tare ni a Kano da motar haya. Tun daga Bunkure yake yi mini karatu. Ya ce bai faɗa wa kowa ba, kuma ba wanda zai faɗa. "An kafa rumfa, dagaci zai zo, mutanen Rano za su zo, har daga Yalwa an gayyato. Wa zai ce ka nuna takarda? Wa ya iya karanta rubutun Japan a Tarai? Ka zauna ka yi murmushi kawai, bayan zaɓe ka yi duk haukan da ka ga dama." Na tambaye shi ko Hadiza ta sami kaset ɗina. Ya ce shi bai san zancen kaset ba. Na juya ina kallon dawa ta sunkuyar da kai a gonaki.

Muna shiga gari yara suka biyo mota. Ƙofar gidanmu cike, kujerun roba, lasifika, hotunan Yaya Sule a jikin kowace bishiya. Ko cikin gida ba a bari na shiga ba, aka zaunar da ni kusa da dagaci. Maroƙi ya karɓi makirfo ya fara: ga Dakta ɗan Tarai, ga wanda ya ƙirga taurari ya gama, ga ƙanen kansilan gobe. Tsofaffin ɗalibaina na Rano suna ta ɗaga mini hannu. Liman ya yi addu'a, sannan aka ce Dakta zai yi wa jama'a godiya. Yaya Sule ya miƙo mini makirfo, ya matse mini hannu da ƙarfi, ya ce a kunnena, "Don girman Allah, Habu."

Na yi sallama aka amsa. Na gode wa dagaci da liman da duk wanda ya baro aikinsa. Sannan na ce, "Jama'a, akwai gyara. Ni ba Dakta ba ne. Na je, na yi shekara uku, ban samo takardar ba. An buga shaidata a kan aikin da ban gani ba, na ce ban yarda ba, na tsaya na duba da idona, lokaci ya ƙare. Malam Habu na tafi, Malam Habu na dawo. Wanda ya zo don Dakta ya yi haƙuri. Wanda ya zo don ni, ga ni."

Lasifikar ta yi ƙara ta yi shiru. Maroƙi ya saki baki. Dagaci ya shiga gyaran rawaninsa. Yaya Sule ya tashi ya bar rumfar ba tare da ya dubi kowa ba, mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ana jan kujeru. Na tsaya da makirfo a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba.

Sai daga cikin gida, ta bayan katanga inda mata suke, wata ta rangaɗa guɗa. Ita kaɗai, ba wadda ta taya ta. Guɗar ma ba ta yi kyau ba, ta karye a tsakiya, mai yin ta ta ja numfashi ta sake ɗauka da ƙarfi. Na san muryar. Tun da na auri Hadiza ban taɓa jin ta yi guɗa ba, ko a bikin ƙanwarta.

Na ajiye makirfon a kan kujera na shiga gida.